Masaɓar Baba Gide a Gaban Kwamiti

SHAFI NA 19

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," ku sassauta mini. Wuta ce ba mu gani ba tun ranar Laraba, ba yanga nake muku ba.

Wanda kuma yau ya faɗo cikinmu, ga inda muke. Ƙungiyar maƙera da masu walda ta Kankara, Faskari da Sabuwa abu ɗaya tak take zaɓa a shekara ta nema masa takardar mallaka a Abuja, takardar da ke hana wani ya kwaikwayi ƙirarka ya sayar ba da yardarka ba. Ƙarfinta ke nan. Bana abu biyu suka kai ƙarshe: akwatin busar da tattasai daga Sabuwa, da keken shuka daga Ruwan Godiya ta Faskari. Sunan Baba Gide maƙeri ne a kan takardar keken. Amma ni da ku mun san hannun da ya ƙera shi. Yahuza mai walda ne, tsohon yaron Baba, wanda yanzu yake zaune daram a cikin kwamitin da zai yanke hukunci.

Yau Asabar, yau ake yin ta.

*

Ƙarfe goma na safe, ofishin ƙungiya a Kankara ya riga ya ɗau zafi. Fanka na rataye a sama don ado kawai.

Alhaji Zailani, shugaban kwamiti, tsohon malamin gona ne. Mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ya bi ta layi-layi. Ya gyara tabarau ya buɗe littafin ƙa'idoji, duk da cewa kowa a ɗakin ya haddace su.

"Kujera biyar ce, kowace da tambayarta," in ji shi. "Barista Khadijatu, kujerar doka. Abin nan sabo ne ko wani ya riga mu?"

"Na bincika, Alhaji. Ban samu irinsa ba."

"Hajiya Ummu Salma, kujerar kasuwa. In aka kai shi Yankara ranar kasuwa, za a taya?"

"A bari in ganshi da idona tukuna," in ji Hajiya tana fifita da bakin gyale.

"Malam Muttaka, kujerar manoma. Ya yi aiki a ƙasa ko a baki kawai?"

"Ina da magana, amma sai mai shi ya shigo."

"Yahuza, kujerar ƙira. Kai za ka tabbatar mana wanda ya kawo abu shi ya yi shi."

"To, Alhaji."

"Ni kuwa ba ni da ƙuri'a sai kun yi kunnen doki."

Ba haka kwamitin yake a da ba. Shekarar farko maƙera zalla aka zuba, suka zaɓi wani kwaɗon ƙofa mai kyau kamar a sa shi a gilashi, har yau ko mutum ɗaya bai saya ba. Daga nan aka yi hankali, aka raba kujeru, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta samu wakili, a kuma sa mai sayarwa da mai amfani da abin su zauna tare da mai ƙerawa.

Alhaji ya juya shafi.

"Ƙa'ida ta bakwai. Duk wanda ke da hannu a abin da aka kawo, ya faɗa ya fita. Dukkanku kun sa hannu cewa ba ku da shi. Akwai mai son ya janye?"

Ba wanda ya janye.

Yahuza ya ji gumi na bin ƙashin bayansa. Ranar da aka ba shi takardar nan ya ce musu Baba Gide maigidansa ne. Alhaji ya yi dariya ya ce rabin masu riƙe guduma a Faskari a gaban Baba suka tashi, in aka bi ta wannan sai a rasa mai zama. Tambayar takarda ita ce, kana da hannu a ƙirar? Yahuza ya rubuta a'a. Biro bai yi masa gardama ba.

"A shigo da Baba Gide."

Tsoho ya shigo da sallama, jakar fata a kafaɗa, wani ma'aikacin ƙungiya na turo keken a bayansa. Taya ɗaya, mariƙi biyu, gwangwanin zuba iri a sama, sarƙar keke na juya wani faifai mai huda-huda a karkace. Mutum ɗaya ya tura, ya shuke kadada kafin azahar. A wannan zamani da ba mai son daɗewa a gonar nesa, ba sai an yi wa manomi dogon bayani ba.

Yahuza ya miƙe ya rusuna.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lahiya lau."

Ko kallonsa Baba bai yi ba. Ba sabon abu ba ne, shekara goma sha ɗaya ke nan.

A gidan su Baba Gide, yaro ba ya barin maƙera sai maigida ya miƙa masa masaɓa, gudumar ƙira, a gaban shaidu. Ranar ne ya zama mutumin kansa. Kafin ranar, ko jirgi ya ƙera, na maigida ne. Yahuza kuwa bai jira ba. Zafin ƙuruciya ya ɗebe shi, ya ce zamanin zugazugi ya wuce, ya hau mota sai Funtua koyon walda, ko sallama babu. Ya dawo ya buɗe shago ya yi suna, maƙerar Baba kuma ta koma sai gyaran fartanya jefi-jefi. Wannan abu ya daɗe yana cin Yahuza a rai. Shi ya sa da tunanin keken ya zo masa, ya je ya roƙi aron wutar Baba, ya yi rani biyu yana ƙerawa a can, ya cika takarda da sunan Baba. A lissafinsa, in takarda ta fito, duk mai son keke sai ya bi ta ƙofar maƙerar Ruwan Godiya, wuta ta sake kamawa. Bai san za a zaɓe shi cikin kwamiti ba sai daga baya, kuma da aka zaɓe shi bai iya buɗe baki ba.

Kwana uku ya yi yana biya wa Baba amsoshi. Baba yana jin sa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Kujerar ƙira, bisimilla," in ji Alhaji.

Al'adar kwamiti ce a warware abu gaba ɗaya, a ce mai shi ya mayar. Yahuza ya durƙusa da sifana ya kwance keken cikin minti biyar. Ya jera kayan a kan tabarma. Wanda za a fara ɗauka a dama, na biye da shi kusa da shi, har zuwa noti na ƙarshe.

Hajiya Ummu Salma ta leƙo. Matar da ta yi shekara talatin tana awon hatsi, ai ba a yi mata coge a mudu.

"Kai Yahuza, wanga jeri haka kamar kayan lefe?"

"Don kada wani abu ya ɓace ne, Hajiya."

"Ba abin da za shi ɓace."

Ta sunkuya ta sa hannu ta yamutsa su kamar mai gauraya dawa da gero.

Yahuza ya koma kujerarsa.

Baba Gide ya zauna a tabarma ya naɗe hannun riga. Tsufa ya taɓa yatsunsa. Ya ɗauki faifai ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki sarƙa. Noti ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin tebur, Yahuza ya yunƙura.

"Zauna," in ji Barista ba tare da ta ɗago ba. "Ba a taimaka wa mai amsa tambaya."

Minti arba'in aka yi. Amma wanda ya yi shekara hamsin yana kallon ƙarfe, ƙarfe ba ya ɓoye masa inda zai zauna. Baba ya ɗaure noti na ƙarshe, ya murza taya, faifai ya juya ƙyat, ƙyat, ƙyat.

"Masha Allah," in ji Alhaji.

Yahuza ya gyara zama. Ya yi tambayoyinsa uku, waɗanda ya biya wa Baba.

"Baba, don me faifan yake a karkace?"

"Don kada iri shi karye."

"Wannan guntun silifa fa da ke shafar faifan?"

"Shi ka share iri in ya yi yawa."

"Sarƙar fa?"

"Ta keke ce. Ko'ina a samu."

"Na gamsu, Alhaji."

Da a ce nan aka tsaya, da ba ku same ni ina ɓata cajin wayata ba.

Malam Muttaka ya yi gyaran murya. Manomi ne daga Sabuwa, ba ya magana sai ta zama dole. Shi aka ba keken ya gwada a asirce a bayan gidansa, inda ya yi ban ruwa.

"Baba, na gwada da masara. Ƙwaya biyu-biyu yake saki, ko ɗaya bai karya ba. Na jinjina."

"Alhamdu lillahi."

"Sai na zuba waken suya. Ya riƙa saki huɗu, wani wurin biyar. Na sauya faifai na sa mai ƙananan huda da aka haɗo man da shi, bai daina ba. Mi za a taɓa?"



Wannan ba ta cikin abin da aka biya.

Baba ya dubi keken. Ya shafa gwangwani, ya shafa sarƙa. Ya janye hannunsa.

Yahuza kuwa amsar tana kan harshensa tana ƙona shi. Abu ne na minti ɗaya. Ya danne bakinsa, ya kafa ido a kan tebur. Abin da bai sani ba shi ne hannunsa na dama ya fita daga umarninsa. Tafin ya buɗe, ya karkata, babban yatsa na murza wani abu da babu shi a iska.

"Yahuza," in ji Hajiya a hankali. "Mi hannunka ke murzawa?"

Ya yi maza ya tura shi ƙarƙashin tebur.

"Ba komai, Hajiya. Ƙuda ne."

"Ƙuda mai noti?"

Barista Khadijatu ta ajiye biro. Ta dubi Yahuza, ta dubi Baba.

"Baba, ka yi haƙuri, ni 'yarka ce, amma aikina ne. Kai ka ƙirƙiri keken nan?"

"A maƙerata aka yi shi."

"Ba ita na tambaya ba, Baba."

"Da gawayina. A kan uwar maƙerata."

"Baba, tunanin na wane ne?"

"Barista!" Yahuza ya miƙe. "Tsoho ne, ya gaji. Minti arba'in yana durƙushe. A ba shi ruwa mana a..."

"Zauna, Yahuza."

Ba Alhaji ne ya faɗa ba. Baba ne. Kuma a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya ya dube shi ido cikin ido.

Yahuza ya zauna.

"Alhaji," in ji Baba, "shekarata saba'in da huɗu. Ban taɓa ɗaukar fartanyar wani in kai kasuwa in ce tawa ce ba. Waken suya ban san mi za a taɓa ba. Wanda ya sani ga shi can zaune, ya ɓoye hannu."

Hajiya ta ce, "Inna lillahi."

Alhaji Zailani ya cire tabarau.

"Baba Gide, ka san nauyin abin da ka faɗa?"

"Na sani. Amma ku tsaya, ban gama ba. Takardar ga ba ƙarya ta yi ba a wurinmu. A gidanmu yaron da ba a miƙa ma masaɓa ba, abin da ya ƙera na maigida ne. Wanga yaro ban taɓa miƙa mashi ba. Tahiya ya yi."

Ya jawo jakar fata ya zuge. Ya ciro masaɓa. Tsohuwa ce, baƙa, mariƙinta ya sha hannu har yana sheƙi. Yahuza ya san ta. Da ita ya koyi dukan ƙarfe na farko, ita ce ta kakan Baba.

"Kwana ukun da ka yi kana biya man karatu kamar ɗan firamare, ina kallonka," in ji Baba. "Kana so ka wanke laihinka da takarda. Yahuza, ni ba takarda ka hana ni ba. Sallama ka hana ni."

Hawaye suka cika idon Yahuza. Kunya ta rufe shi, da wani irin ciwo da ya daɗe yana ajiye.

"Baba, don maƙerar na yi. Don wuta ta tashi."

"Wutar da za ta tashi da sunan aro, gara ta mutu. Ga shaidu huɗu, sun isa. Zo ka amsa."

Ya miƙa masaɓar da hannu ɗaya.

"Dakata," in ji Barista. "Kafin ya taɓa ta, ya san abin da ke biye. In ya karɓa, ya amsa da kansa cewa ƙirarsa ce, kuma ya sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Ƙa'ida ta bakwai: ya bar kujera yau, kuma keken ya faɗi, sai fa in sauran kwamiti sun yarda a gyara suna."

"A jira baɗi mana," in ji Hajiya.

"Babu baɗi, Hajiya. Saura mako shida ruwa ya sauka. Keken nan ba zai zauna a ɗaki ba. Ranar da ya shiga Yankara, kafin kasuwa ta zagayo masu walda goma sun kwafe shi. Abin da ya riga ya bazu ba a nema masa takarda."

Alhaji Zailani ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. Mutumin ƙa'ida ne, amma shi ma a gidan sana'a ya tashi.

"Yahuza, ni zan faɗa maka yadda na gani. In ka bar ta a hannunshi, kana nan yaronshi, keke nashi ne a al'adarsu. Zan karɓi takarda yadda take, kai ka kame daga ƙuri'a, mu ci gaba."

"Ni zan rubuta ban yarda ba," in ji Barista.

"Ki rubuta. In kuwa ka amsa, kin ji abin da ta ce... ka ji abin da ta ce. Zaɓi naka ne."

Har Alhaji harshe ya sarƙe masa, mutumin da ba ya tuntuɓe a magana.

Gaba kura, baya sayaki. Yahuza ya dubi keken, rani biyu na rayuwarsa. Ya dubi Baba. Masaɓa ba abin wasa ba ce, nauyi gare ta, hannun tsoho kuma ya fara gajiya. Gwiwar hannun na lanƙwashewa, kan masaɓar na yin ƙasa a hankali. Baba ya cije, ya ƙi sa hannu na biyu, ya ƙi saukewa.

A gidan maƙera, a miƙa maka masaɓa ka bar ta ta taɓa ƙasa, gara ka zagi mutum a kasuwa.

Yahuza ya ture kujera. Ya cire takalmi. Ya zagayo tebur ya durƙusa a kan gwiwa biyu, ya tara hannu biyu.

Ƙarfen ya sauka a tafinsa, da ɗumin hannun Baba a jiki.

"Na sallame ka," in ji Baba. "Allah shi yi ma hannunka albarka."

"Baba, ka yafe mini."

"Tun yaushe."

Hajiya ta juya fuska tana share ido da gyale, tana cewa zafin ɗakin ne. Biron Barista kuwa bai tsaya ba.

"Yahuza," in ji Alhaji, muryarsa ta koma ta ofis. "Ajiye katin kwamiti a kan tebur. Kai da Baba ku jira a waje."

Ya ajiye. Suka fita.

Akwai benci a ƙarƙashin dalbejiya, daidai tagar ofis. Baba ya zauna. Yahuza ya zauna a ƙasa, masaɓa a cinya. Ba kujera, ba tabbacin takarda, gobe kuma duk Faskari za ta ji cewa ya sa hannu a kan ƙarya. Abin mamaki, ƙirjinsa bai taɓa yin sakayau irin na yau ba.

Ta taga suna jiyo Alhaji.

"Saura ku uku, babu kunnen doki, ni ba ni da baki. Tambaya ɗaya ce: a gyara suna keke ya ci gaba da takara, ko ya faɗi akwatin Sabuwa ya wuce shi kaɗai? Barista?"

"Ya faɗi. In muka lanƙwasa ƙa'ida yau, gobe kowa da irin al'adar gidansu zai zo."

"Hajiya?"

"A gyara. Ni abin da za a saya aka ce in duba, kuma wanga ko ni sai na saya."

Baba kamar ba da shi ake ba. Ya sunkuyo, ya taɓa kafaɗar Yahuza da yatsa, ya rage murya kamar mai jin nauyi.

"Kai. Waken suyan nan. Mi za a taɓa?"

Yahuza ya ɗago. Mutumin da ya koya masa riƙon awartaki, yau shi ke tambayarsa. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana faifai.

"Akwai noti a ƙarƙashi, Baba. Waken ya fi masara santsi, gangarawa yake. In ka murza sau biyu, faifan zai ƙara miƙewa, silifan ya matso..."

"A'a, sannu-sannu. Sake man daga farko."

Daga cikin ɗaki aka ji Alhaji ya rufe littafi.

"Ɗaya da ɗaya. Malam Muttaka, na san akwatin na mutanen garinku ne, kuma na san gobe a Sabuwa za ka yi sallar asuba. Saura kai."

Tsinken ya tsaya a hannun Yahuza.

Sai wani ya miƙo hannu daga ciki ya rufe tagar.